Kwalba, Gujiya da Fetur: Wane Ne Ɗan Zamba a Kan Iyaka?

Kowa ya san kuɗin kwalba. Ka sayi lemu a shago, kana son tafiya da shi gida, mai shago ya riƙe wani abu bisa kuɗin lemun. Ranar da ka maido kwalba ya maido maka kuɗinka. A jihar Mishigan ta Amurka, wannan ƴar al'ada doka ce tun ƙuri'ar da jama'a suka jefa a 1976: kowace kwalba ko gwangwanin lemu ana aza mata santi 10, a biya ka in ka maido. Maƙwabtansu na Ohayo da Indiyana ba su da wannan tsari. Sai wasu suka shiga tara gwangwanaye a can inda ba a ajiye ko sisi ba, su ƙetaro su karɓi santi 10. Mishigan ta ce wannan zamba ce, ta sa tara ga mai kaɗan, ɗauri ga mai yawa. Masu yi kuma suka ce: gwangwani ai gwangwani ne, mun ma share muku shara.

Ƴan uwa ɗalibai, kada ku ce wannan gardamar masu ƙoshi ce. Mu mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji mun fi shekara 100 a cikinta, sunan kayan kawai ke sakewa.

Mu fara da layin kansa. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ke nan akwai gaba tsakanin nan da can tun kafin Bature, amma ba a taɓa samun shinge mai hana jaki wucewa ba. Faransa da Ingila suka ja layi a takarda a 1898. Faransa ta koka cewa ba a bar mata hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram ba, aka sake zama a 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho da O'Shee ya bi daji yana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Daga ranar, manomin Gangara da surukinsa na ƙasar Katsina suka zama ƴan ƙasa biyu, masu kuɗi iri biyu da haraji iri biyu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gujiya, wadda Kanawa ke ce ma gyaɗa, ya buɗe. Kano ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba bisa kowace tashar teku ta Faransa, don haka gujiyar ƙasar Maraɗi kudu ta riƙa yi, bisa raƙuma da jakai, daga baya a mota. Sai a 1953 Faransa ta ƙirƙiro shirin da ta kira Hirondelle don karkata kayan ta Dahome zuwa Kwatano.

Nan ne labarin ya yi daɗi. Bayan yaƙin duniya na biyu, Ingila ta kafa ma Najeriya hukumomin sayen amfanin gona, ta gyaɗa a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954. Hukumar ita ke yanke farashi, ta saya ƙasa da abin da ake biya a kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Ita kuwa Faransa tana sayen gujiyar ƙasashen da ta mallaka sama da farashin duniya, kuma hakan ya ci gaba ƴan shekaru bayan mulkin kai. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA, ta ba ta ikon fitar da gujiya ita kaɗai. To ka ga abin da ya faru: buhu ɗaya, ƙwaya iri ɗaya, amma ya fi daraja arewa da layi. Manomin ƙasar Katsina ba wawa ba ne. Dare na yi, a ɗaura ma jaki kaya. Lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970, abin ya ƙaru, don Najeriya ta sake takardun kuɗinta a 1968 ta kuma ƙuntata canji, alhali sefa tana da gindin zama wajen Faransa. Gyaɗar Najeriya ta kwana a kan hanya ta wayi gari gujiyar Nijar ce a kan sikeli.

Me aka kira wannan? A Kaduna sunansa fasa-ƙwauri. A wannan gefe kuwa kowane buhu ƙari ne a kan abin da ƙasa ke fitarwa, ba mai tambayar gonar da ya fito. Aiki ɗaya, suna biyu. Da farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya a 1975 suka karya noman gujiya, kuɗin man fetur kuma ya cika Najeriya, sai ruwan ya juya. Fetur da takin zamani masu rangwamen gwamnati suka riƙa haurowa arewa, wake da dabbobi suna gangarawa kudu. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, da yawansu a gujiya suka fara, a ratar da ke tsakanin naira da sefa suka girma.

Gwamnatoci sun gwada maganin ƙarfi. Janar Buhari ya rufe iyaka a Afirilu 1984, ba a sake buɗe ta ba sai Maris 1986, daidai lokacin yunwa, har mutanenmu suka laƙaba ma yunwar sunansa. An sake rufewa a Agusta 2019 har Disamba 2020, an kuma rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Duk rufewar nan ba ta hana kaya wucewa ba. Ta dai ƙara musu tsada, ta maida babbar hanya ƴar ɓarauniya, ta ƙara ma masu tsaron hanya na goro.

To yanzu mu dawo ga tambayar: zamba ce ko ba zamba ba? A ganina kuskure ne a zuba duka a ƙwarya guda. Ƙetare layi kaɗai ba ya maida mutum macuci. Tambayoyi biyu ya kamata a yi. Ta farko: kuɗin da ka karɓa daga aljihun wa ya fito? Ta biyu: sai da ka yi ƙarya kafin a ba ka?

Ɗauki manomin da ya kai gyaɗarsa Gazawa. Shi ya yi huɗa, shi ya yi noma, shi ya ɓare. Abin da ya guje ma shi ne hukumar da ke yanke masa rabo. Ya karya dokar ƙasarsa, wannan gaskiya ne, amma wanda ya saya ya samu gyaɗa ta gaske a kan kuɗinsa. Wannan ciniki ne da doka ta hana, kuma akwai tazara tsakaninsa da ha'inci.

Fetur daban yake, ko da faɗin haka ba zai yi ma wasunmu daɗi ba. Arahar litar nan ba daga sama ta faɗo ba. Baitulmalin Najeriya ne ya cika gibin, don talakan Najeriya. Duk jarkar da ta hauro ta ɗebi rabon wani da ba a tambaye shi ba. Wannan shi ne gwangwanin Ohayo sak: ka karɓa daga asusun da ba ka zuba ba. In kana shakka, juya madubin. Gwamnatinmu takan fitar da hatsin OPVN a sayar da rangwame lokacin bazara, sa'ar da rumbu ya yi ƙasa. Wani ya bi layi ya saye, ya loda ya kai kasuwar Jibiya. Me za ka kira shi? Ba mai cewa ɗan kasuwa ne. Macuci za mu ce, har mu haɗa da zagi. To abin da muka ƙi a yi mana, da wane baki za mu halatta shi in mu ke yi?

Sai dai hukunci ya san girma. Yaron da ke zaune bakin hanya da kwalabe goma na ruwa-ruwa ba shi ya buɗe ma tanka hanya ba, ba shi ya sa hannu a takardar da ta ce man wani gari za shi alhali iyaka ya nufa ba. Ƙaryar tana can sama, wajen masu takardu da hatimi, amma bulalar ƙasa take sauka. Ko Mishigan ta bambanta mai buhu ɗaya da mai mota cike. In ƴan duwan za su kama, su fara daga inda ƙaryar ta fara.

Akwai kuma darasin da ya fi hukunci. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Abin da soja da shinge suka kasa yi cikin shekaru 40, farashi ya yi shi cikin ƴan watanni: jarkoki suka ragu a bakin hanya. A Maris 2025 muka ga dogayen layuka a gidajen mai, don matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa duka ita kaɗai ba. Ashe shekara da shekaru wani ɓangare na tafiyarmu bisa aljihun maƙwabci yake.

Mu da ke lakwal yau, gobe wasunmu ne za su zauna a ofishin duwan, wasu a majalisa, wasu a bayan sikeli. Muddin ƙasa biyu masu yare ɗaya da dangi ɗaya za su sa ma abu ɗaya farashi biyu, jaki zai san hanya, babur ma haka. Mai son kashe sumoga ya zauna da maƙwabcinsa su rage ratar. Kafin nan, mu riƙa kiran kowa da sunansa: mai kai guminsa kasuwar da ta fi, ɗan kasuwa ne, mai ɗibar rabon talakan wata ƙasa da takardar ƙarya, ɗan zamba ne, ko daga wane gefen layi ya fito.