Sink the Bismarck!

Sink the Bismarck! fim ne na yaƙi, baƙi-da-fari, da aka fitar a Birtaniya a 1960. Lewis Gilbert ya ba da umarni, an ɗauko labarin daga littafin C. S. Forester. Yana nuna yadda sojojin ruwan Birtaniya suka farauci Bismarck, katafaren jirgin yaƙin Jamus da ya nitsar da Hood, jirgin yaƙin Birtaniya, ranar 24 ga Mayu 1941, mutum uku kacal suka tsira daga cikinsa. Bayan kwana uku shi ma Bismarck aka nitsar da shi.

Armashin fim ɗin na ɗakin tsara yaƙi da ke ƙarƙashin ƙasa a Landan, inda Kenneth More ya fito a Kyaftin Shepard, wanda ƙagaggen mutum ne. Sai dai an zaƙe wajen mai da Admiral Lütjens, kwamandan Jamus da ke cikin Bismarck, riƙaƙƙen ɗan Nazi, abin da masana tarihi ke musantawa.