Keke da Doguwar Tafiya a Ƙasar Kankiya

Keke ya bazu a ƙauyukan Kankiya da Kusada, irin su Kaikai, a zamanin cinikin gyaɗa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Manomin da kaka ta yi wa kyau yakan sayi Raleigh, ƙirar Ingila, ya ƙawata shi da madubai da ƙararrawa. Kasancewar Kankiya a kan hanyar Kano zuwa Katsina, 'yan koli da fatake suka mayar da keke abin doguwar tafiya. Mutum ɗaya kan ɗaure kaya a kariya, ya bi ta Jibiya har Maraɗi, cikin ƙasar da Faransa ke mulka a lokacin, yana faci da kansa in ƙaya ta huda taya. Daga baya Phoenix na Sin ya shigo da araha, sannan babur ya karɓe tafiyar nesa.