Sati Biyun Jira

Jijiyar jini da ke gindin ƙwaƙwalwa takan yi rauni a wuri ɗaya, wurin ya kumbura ya zama 'yar jaka. Ranar da jakar ta fashe, mutum ji yake kamar an sara masa gatari a ka. Wanda ya tsallake fashewar farko da sauran aiki a gabansa, don jakar tana nan, takan sake fashewa cikin kwanakin farko, ta biyun kuwa ta fi kisa.

A 1931 Norman Dott na Edinbura, a Sikotland, ya buɗe kan wani mutum da jakarsa ta riga ta fashe, ya yanko tsoka daga ƙafar mutumin ya naɗe ta da ita, kamar mai ɗaure tiyon da ke yoyo. Mutumin ya tashi, ya ƙara shekaru a duniya. A watan Maris na 1937 kuma Walter Dandy, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya matse wuyan jakar da wani ɗan ƙarfen azurfa mai kama da bakin hantsaki, jini ya ci gaba da bin hanyarsa, jakar ta rasa abin cika ta. Har yau dabarar ke nan, ƙarfen ne kawai ya canza. Daga ƙarshen shekarun 1960 Gazi Yasargil, Baturke mai aiki a Zurik, ya shigo da madubin ƙara girman abu ɗakin tiyata, likita ya fara ganin abin da hannunsa ke taɓawa.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a tarihin nan shi ne jira. Shekara da shekaru ƙa'ida ita ce a kwantar da majiyyaci a ɗaki mai duhu, kwana 10 zuwa 14, kafin a taɓa shi. Suna da hujja: ƙwaƙwalwar da jini ya malale a kanta a kumbure take, ja wur, ba ta son taɓi. In an jira ta sace, aiki ya fi sauƙi, alƙaluman likita su yi kyau. To, su wa ake ƙirgawa? Waɗanda suka kai ranar tiyata. Wanda jakarsa ta sake fashewa ran kwana na uku, ko jijiyoyinsa suka tsuke ran na bakwai, ya tafi ba tare da ya ɓata wa kowa lissafi ba. Ban ce mugunta ce ba, amma lissafin gurgu ne. Likitocin Japan na cikin waɗanda suka fara matsa a yi aikin da wuri. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da ya fito a 1990, kan majiyyata sama da 3,500, ya nuna jiran ba ya ƙara yawan masu tsira in an ƙirga kowa da kowa.

A shekarar ce kuma Guido Guglielmi, Ba'italiye mai aiki a Los Anjeles, ya bi ta jijiyar cinya ya cusa siririyar wayar filatinam cikin jakar, ta nannaɗe, jini ya daskare a ciki, ba a fasa ƙoƙon kai ba. Gwajin da aka buga a 2002 kan mutum 2,143 ya samu cewa bayan shekara guda, kusan kashi 24 cikin 100 na masu waya sun mutu ko sun nakasa, masu tiyata kuwa kusan kashi 31. Ƙarfen Dandy bai yi ritaya ba, akwai jaka mai faɗin wuya da waya ba ta zama a cikinta. Ko da wanne za a yi, yanzu so ake a rufe jakar cikin kwana ɗaya zuwa uku.