A Hannun Wa Kwafin Yake? Tarihin Adana Wasannin Kwamfuta

Abu biyu ne ke zaune a cikin na'urar duk mai buga wasan kwamfuta, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Na farko shi ne wasan kansa, wanda kamfani ya ƙera ya sayar wa miliyoyin mutane iri ɗaya sak. Na biyu ɗan ƙaramin fayil ne da ke riƙe da ci gaban mai wasa: inda ya tsaya, abin da ya tara, ƙungiyar da ya shekara yana ginawa. Wasan na iya cinye gigabait ɗari, shi kuwa fayil ɗin ci gaba sau da yawa bai kai nauyin hoto guda na waya ba. Amma idan na farkon ya ɓata, kuɗi na iya maido da shi. Na biyun babu kasuwar da ake sayar da shi. Shekaru arba'in da ɗoriya ke nan ana sauya wurin da ake ajiye waɗannan abubuwa biyu, kuma kusan kowane sauyi ya zo wa mai wasa da sauƙi, tare da janye kwafin kaɗan-kaɗan daga hannunsa.

A zamanin injinan wasa na jefa kwabo, batun ajiya bai taso ba. Asteroids na kamfanin Atari, wanda ya fito a 1979, yana bai wa gwanaye goma damar rubuta haruffan sunansu a allo, amma da zarar mai shago ya kashe wuta da dare, sunayen sun tafi. Masu kwamfutar gida ne suka fara sanin daɗin tsayawa yau a ci gaba gobe: wasan Zork, da aka fara sayarwa a 1980, yana rubuta matsayin mai wasa a kan faifai, ya kuma maido da shi in an buƙata. Na'urorin da ake haɗawa da talabijin ba su da faifai, kaset suke amfani da shi, kuma kaset ɗin karanta shi kawai ake yi. Sai masu ƙira suka ɗora nauyin ajiyar a kan takarda da biro. A Japan, Dragon Quest na 1986 yana ba da kalmar sirri mai haruffa 20 a duk lokacin da mutum zai tashi; na biyunsa, a 1987, kalmar kan kai haruffa 52. Kalmar ita ce ci gaban gaba ɗaya, an murɗe shi ya zama haruffa. Kuskuren harafi guda ya isa ya mai da aikin mako guda banza. Duk da wahalarta, tana da wata falala da ba a sake samun irinta ba: wanda ya rubuta ta daidai a 1986 zai iya shigar da ita yau a kowane kaset na wasan da aka fitar a Japan, ta yi aiki.

Mafitar da ta kawo ƙarshen wannan rubutu ta bayyana sosai a 1987, lokacin da Nintendo ya fitar da The Legend of Zelda a Amurka cikin kaset mai ruwan zinare. A cikinsa an dasa ƙaramar ƙwaƙwalwa da ake iya rubutu a kanta, da batir mai kamar kwabo. Irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai sai da wuta, don haka batirin ne ke ciyar da ita dare da rana, ko da kaset ɗin na kwance a cikin akwati. Tsarin na da rauni tun farko. Girgizar wuta yayin kashe na'ura na iya hargitsa abin da aka rubuta, shi ya sa aka riƙa gargaɗin masu wasa su danne maɓallin sake kunnawa kafin su kashe. Yaran Japan da suka buga Dragon Quest III na 1988 har yanzu suna tuna ɗan kiɗan ban tsoro da ke rakiyar sanarwar cewa littafin tafiyarsu ya goge.

Babbar illar kuwa sai da aka shekara da yawa kafin ta fito fili. Batir yana ƙarewa, kuma ranar da ya ƙare babu sallama. Kaset ɗin Pokémon Gold da Silver, da suka fito a Japan a 1999, sun fi saurin mutuwa, domin batirinsu ɗaya ne ke ciyar da ƙwaƙwalwa da kuma agogon da ke ƙirga dare da rana a cikin wasan. Mutane da yawa sun buɗe akwatin ƙuruciyarsu bayan shekaru suka tarar wasan na aiki lafiya, amma yana tambayar sunansu kamar bai taɓa ganinsu ba. Sauya batirin ma ba ya ceto, domin a cikin daƙiƙun da aka cire tsohon, wutar ta yanke, ajiyar ta tafi. Abin da masu kula da tsofaffin kaset ke yi yanzu shi ne su fara kwafe fayil ɗin zuwa kwamfuta da wata 'yar na'ura mai karanta kaset, su sauya batir, sannan su mayar da shi.

A ganina, zamanin da mai wasa ya fi kowane lokaci mallakar abinsa shi ne zamanin katin ajiya. Neo Geo na kamfanin SNK ya zo da shi a 1990, amma PlayStation na Sony ne ya yaɗa shi daga 1994, saboda wasanninsa a faifan CD suke, ba a iya rubutu a kansu. Katin yana ɗaukar kilobait 128 kacal, an kasa shi gida 15, kuma ba ya buƙatar batir. Na PlayStation 2, a shekarar 2000, ya kai megabait 8. A karon farko ci gaban mutum ya zama abu mai jiki da ake sa wa a aljihu. Ana kwafe shi zuwa kati na biyu, ana ba wa aboki aro, ana kai shi wani gari. Duk wanda ya zauna a gidajen gem na Kano ko Kaduna a shekarun da wasannin ƙwallon Konami suke tashe ya san darajar wannan kati, ya kuma san irin rigimar da ke tashi idan wani ya goge ƙungiyar wani don ya samu gurbi. Har masu ƙira sun yi wasa da wannan kusanci: a Metal Gear Solid na 1998 akwai wani abokin gaba mai da'awar karanta zuciya, wanda a zahiri katin ajiyarka yake leƙawa, ya faɗa maka wasannin Konami da ka saba bugawa.

Daga nan sai faifan kansa ya fara ɓacewa. Kamfanin Valve ya buɗe Steam a Satumbar 2003, kuma da Half-Life 2 ya fito a 2004 ya wajabta wa kowa shiga ta wannan ƙofa, har wanda ya sayi faifai a shago. Sauke wasa daga intanet a wancan lokaci aiki ne na kwana da kwanaki, don haka Steam ya zo da hanyar yin kwafin ko-ta-kwana: manhajar ta dunƙule fayilolin wasan, ta yanka su daidai girman faifan CD ko DVD, a adana. Hanyar tana nan har yau, sai dai akwai abu biyu da mutane ba su cika lura da su ba sai ranar buƙata. Na ɗaya, maido da wasan yana buƙatar shiga asusun da ya saye shi, wato kwafin na hannunka amma mabuɗin na hannun kamfani. Na biyu, sau da yawa kwafin ba ya haɗawa da fayil ɗin ci gaba ko kaɗan.

Dalilin wannan na biyun shi ne rashin tsari da ya daɗe a Windows. Babu dokar da ta tilasta wa masu ƙira wuri guda. Wani wasan yana ajiya a cikin jakarsa, wani a Documents, wani a ɓoyayyiyar jakar AppData da yawancin mutane ba su san da ita ba, wani a cikin jakar Steam ƙarƙashin wata lamba. Microsoft ya ware jaka ta musamman mai suna Saved Games a Windows Vista, amma kaɗan ne suka bi. Masu wasa ne da kansu suka cike giɓin: kundin PCGamingWiki yana lissafa inda dubban wasanni ke ɓoye ajiyarsu, kuma manhaja kyauta irin Ludusavi tana amfani da wannan lissafi ta tattaro su wuri ɗaya. Wanda ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara aka sake mata Windows ba tare da ya kwashe waɗannan jakunkuna ba, zai iya dawo da duk wasanninsa ya tarar kowanne yana farawa daga farko.

Amsar kamfanoni ita ce ajiyar gajimare, wato a riƙa tura fayil ɗin zuwa manyan kwamfutocinsu ta intanet. Steam ya fara a Nuwambar 2008, Sony ya bi a Maris na 2011 ga masu biyan kuɗin PlayStation Plus. Babu mai musun amfaninta. Ta ceci mutane masu yawa daga sata da lalacewar na'ura. Amma aikinta daidaitawa ne, ta sa abin da ke can ya zama daidai da abin da ke nan. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar ajiya fayil ya lalace, lalataccen ne za a iya turawa ya danne mai kyau. Kwafin ko-ta-kwana na gaskiya yana riƙe da na jiya da na makon jiya, kuma yana zaune inda kuskuren yau ba zai kai gare shi ba. Sannan akwai batun dogaro: wata guda bayan Sony ya fara wannan hidima, a Afrilun 2011, aka yi wa hanyar sadarwarsa kutse, ta kwashe sama da mako uku a rufe.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda sababbin na'urori suka rufe tsohuwar ƙofar. Nintendo Switch ya fito a 2017 ba tare da wata hanya ta kwafe ci gaba zuwa kati ba. Sai a Satumbar 2018 aka samar da gajimare, na kuɗi, kuma ba kowane wasa ya shiga ba. A PlayStation 4 ana iya kwafe fayil guda zuwa filas, a wasannin PlayStation 5 an cire wannan dama. Kamfanonin na da hujjarsu, cewa fayil ɗin da ke fita waje ana iya yi masa kwaskwarima don yin maguɗi ko fasa tsaron na'ura, kuma hakan ya sha faruwa. Sakamakon dai shi ne, abin da yaron 1997 ke yi da kati na biyu, yau sai da kuɗin wata-wata.

Shi ma wasan, wanda aka ɗauka kullum ana iya sake saukewa, ya nuna ba haka abin yake ba. A Afrilun 2015 Konami ya janye P.T., wani gajeren wasan ban tsoro na Hideo Kojima, daga shagon PlayStation, ya kuma hana ko waɗanda suka taɓa saukewa su sake. Nan da nan na'urorin da wasan ke ciki suka yi tsada a kasuwar gwanjo ta intanet. Nintendo ya rufe saye a shagunan Wii U da 3DS a Maris na 2023. A wannan shekarar ce gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da binciken da ya gano kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Google ma ya rufe Stadia a Janairun 2023. Ya mayar wa mutane kuɗinsu, amma ci gabansu ya dogara ne ga ko kamfanin kowane wasa ya tanadi hanyar kwashe shi.

Akwai shago ɗaya da ya bi wata hanya dabam. GOG, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya kafa a 2008, yana sayar da wasanni ba tare da makullin mallaka ba, yana kuma ba da fayil ɗin girkawa cikakke wanda ke aiki ko babu intanet, ko babu asusu. Wanda ya adana shi a faifan waje yana da wasan ko da kamfanin ya rufe gobe. Ga mai zaune inda data ke da tsada kuma wuta ba ta da tabbas, wannan bambanci ya fi nauyi fiye da yadda yake ga Bature, domin "ka sake saukewa kawai" shawara ce ta wanda ba ya lissafin gigabait.

Rikicin da ya kai maganar gaban 'yan majalisa shi ne na The Crew, wasan tseren mota na kamfanin Ubisoft da ya fito a 2014. An gina shi ta yadda ko mai wasa shi kaɗai sai ya haɗu da kwamfutocin kamfani. A ƙarshen Maris na 2024 aka kashe su, wasan ya daina buɗewa har ga masu faifai, sannan aka fara janye lasisin daga asusun waɗanda suka saya. Wani mai shirye-shirye a YouTube, Ross Scott, ya kafa gangamin Stop Killing Games, kuma takardar koken da aka gabatar a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. A jihar Kalifoniya an sa hannu kan doka a Satumbar 2024 da ta hana shaguna amfani da kalmar "saya" ba tare da bayyana cewa lasisi ne ake bayarwa ba. Makonni kaɗan bayan haka Steam ya fara rubuta hakan a shafin biyan kuɗi.

Shi kuwa The Crew ya sake tashi a Satumbar 2025, ba ta hannun Ubisoft ba. Wasu masoyansa ne suka rubuta manhajar da ke kwaikwayon kwamfutocin da aka kashe, ta yadda wasan ke gudana a kwamfutar mutum shi kaɗai. Manhajar ba ta zo da wasan ba, tana buƙatar ainihin fayilolinsa, waɗanda suka rage a faifan mutanen da ba su goge su ba bayan an sanar da su cewa ba su da sauran amfani.