Gizo Ya Koma Cikin Waya

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kada wata ta buɗe shafin nan tana jiran ta ji yadda Alhaji ya yi wa uwargida kishiya. Wani ɗan abu ne ya faru a gidanmu na Balan ya tsaya mini a rai, na ce bari in zuba shi a takarda ko na samu sauƙi.

Bayan an gama yankan gero muka je gida ni da yarana uku, duba kakata Iya da jiki ya fara ƙi. Wadda ta san hanyar ta sani, daga Kano sai an haye gadar Wudil a miƙe Gaya, daga nan a nemi abin hawa zuwa ƙauye. Muna isa, ko ruwa ba su gama sha ba yaran suka karɓe wayata, 'ya'yan maƙwabta suka yanyame su a gindin darbejiya, kai ya fi goma a kan waya ɗaya. Katun suke kallo wanda mai turi ya zuba mini, The Lion Guard na kamfanin Disney, wanda aka yi ta nunawa daga 2016 zuwa 2019. Wani ɗan zaki ne mai suna Kion da abokansa huɗu, dage da dorina da balbela da wata dangin damisa mai gudun tsiya, wai su ne dogaran daji, kullum aikinsu korar kuraye.

Iya tana kan tabarma ta ce da autana, "Kai maigidan, kawo in ga abin da ya hana ka gaida matarka." Ita kuwa Iya ko zo in kashe ki ba ta ji da Turanci. Ta ƙura wa wayar ido jim kaɗan ta ce, "Wannan mai dariyar kura ce ko? To ku zuba ido, kwaɗayi zai kai ta ya baro." Haka kuwa aka yi. Ta sake nuna dagen da yatsa ta ce wannan mai rawar kan shi zai jawo wa 'yan'uwansa jidali, nan ma ba ta kuskure ba. Yara suka saki baki. Ta miƙa musu abinsu ta ce, "Ashe tatsuniya ce. Da rana tsaka kuma, ba wanda ya ɗaure Gizo."

'Yammatan yanzu wataƙila ba ku san ɗaurin Gizo ba. Da muna yara tatsuniya abar dare ce, bayan an ci tuwo an yi isha'i. In yaro ya matsa sai an yi masa da rana, a tsorata shi a ce zai ɓata a kasuwa, sai fa in an ƙulla wani ɗan tsinke ko bakin zane an ce an ɗaure Gizo. Da na girma na gane dabara ce ta iyaye, don kada a zauna hira ga surfe ga ɗiban ruwa suna jira. A ɗakin Iya muke taruwa, aci-balbal na ci, ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Kuma kafin ta buɗe baki mun san mutanen garin. Zaki sarkin dawa ne, ga ƙarfi ga saurin yarda da maganar bafade. Dila malamin daji, shi ake kai wa shari'a, amma ba ya yanke hukuncin da zai bar shi da yunwa. Kura ga haɗama ga tsoro. Giwa da dorina ƙarfi ba dabara, su ne Gizo ya ba kowanne bakin igiya ɗaya, wannan a tudu wannan a ruwa, suka wuni suna ja kowa na zaton da Gizo yake yi. Sai shi gogan naku mai tsamin baki, da matarsa Ƙoƙi.

Wannan kaya na mata ne tun asali, kakanni da gwaggwanni su suka riƙe shi, amma da aka zo rubutawa maza aka tambaya. Wani Bajamushe ɗan mishan, Schön, ya buga Magana Hausa a 1885, da yawan abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya ji shi, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Ingila. Daga baya Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa har juzu'i uku daga 1911 zuwa 1913, yawancinsu malamai ne suka rubuta da ajami a ƙasar Sakkwato, aka juya su zuwa boko aka buga a Belfast. A 1913 ɗin dai Rattray ya fitar da nasa, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Ki duba fa, tatsuniyar da tsohuwa ke yi a bakin murhu sai da ta ƙetare teku kafin ta shiga littafi. Mu 'yan makaranta kuwa abin da ya iso hannunmu shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam mai aku sarkin surutu, wanda ya fara fitowa a 1937, da Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya na farkon shekarun 1970.

Ba ta littafi kaɗai irin waɗannan labarai suka ƙetare ruwa ba. Bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka ba su tafi da ko allura ba, amma sun tafi da abin da ke kansu. Mutanen Ashanti suna da nasu gizon, Ananse, har yau ana ba da labarinsa a Jamaika. A kudancin Amurka kuma zomo ne ya gaji wayon. Wani ɗan jarida, Joel Chandler Harris, ya tattara labaransa daga bakin baƙaƙen fata ya buga a 1880, ciki har da na mutum-mutumin kwalta da zomo ya gaisar bai amsa ba, ya kai masa mari hannu ya maƙale, ya kai shuri ƙafa ta maƙale. Wace ce a cikinmu ba ta san Gizo da 'yar danƙo a gona ba? A 1946 Disney suka zana wannan zomo ya yi motsi a majigi. To da Iya ta ce ashe tatsuniya ce, ba ta san iyakar gaskiyar da ta faɗa ba.

Talabijin ta iso Arewa ta Kaduna a 1962, Kano kuma ta samu tashar jiha, CTV, a 1982 zamanin Abubakar Rimi, ita ce yanzu ake kira ARTV. Ni ban ga katun ba sai da aka kawo ni birni hutu gidan kawuna ina 'yar shekara takwas. Tom and Jerry aka saka, kyanwa da ɓeran nan da aka fara zanawa tun 1940. Na yi dariya har da hawaye, amma ban ji baƙunta ba ko kaɗan. Ƙarami mai wayo, babba mai wauta. A gwada dabara sau ɗaya ta ƙi, sau biyu ta ƙi, a na uku a kwashe. A daka kyanwa ta baje kamar waina, a juya ta miƙe garau, yadda Gizo zai sha dukan kawo wuƙa yau, gobe da dare ga shi ya dawo da sabuwar ƙarya. Ran Lahadi kuma NTA na saka Tales by Moonlight, wata anti ta tara yara tana ba su labarin kunkuru, wanda shi ne Gizon mutanen kudu.

Sai dai da na zauna na kalli na yarana da idon mai rubutu, na ga inda hanya ta rabu. Iya ce ma ta fara gano wurin. Washegari ta ce a sake kunna mata, can ta ce, "Ni kam shi wannan zakin me yake ci?" Aka rasa mai amsawa. Zaki ne yana abota da jakin dawa da barewa, ba a taɓa nuna shi da jini a baki ba. Ubansa ma, Simba, a fim ɗin The Lion King na 1994, da ya gudu daji tsutsa da ƙwari aka koya masa ci don kada ya cinye abokansa. Tatsuniyarmu kuwa rabinta da yunwa take farawa: wata shekara aka yi fari, Gizo ba shi da ko ƙwayar hatsi. Ba don ado ake faɗin haka ba. A shekarar da littafin Edgar na uku ya fito ruwa ya ɗauke a ƙasar Kano, aka shiga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Aka yi 'Yar Buhu a 1927, aka yi 'Yar Gusau a 1942. Iya da kanta ta ga farin 1973 tana da goyo, ta ce sun ci tafasa ba ƙuli har ta fita daga ransu. Matar da ta ga rumbu wayam, in ta ce Gizo ya saci wake a gonar sarki, ta san abin da take faɗa, yaran da ke saurare ma wani lokacin da rabin ciki suka kwanta. Shi ya sa ba ma jin haushin Gizo sosai. Ɓarawo ne, maƙaryaci ne, amma talaka ne ɗan'uwanmu da ba shi da kowa a fada.

Jarumin katun ɗin kuwa ɗan sarki ne, gadon gidansu ne rurin da yake korar maƙiya da shi. In an yi kuskure, kafin a tashi sai an ba da haƙuri an rungumi juna an faɗi darasi ɓaro-ɓaro. Gizo bai taɓa tuba ba. In asirinsa ya tonu sai ya haye bango ya maƙale a lungu, a ce shi ya sa har yau can yake zaune. Mai ba da labarin ma da ta ce ƙurunƙus sai ta ɗora wa Gizo ƙaryar ta shafa wa kanta lafiya, darasi kuwa kowa ya je ya nemo a kan shimfiɗarsa. Ban ce nasu ba kyau ba, ni ma ina so yarana su iya cewa yi haƙuri. Amma yaron da bai taɓa jin labarin mayaudarin da ya ci riba ba, ranar da ya shiga kasuwar Wudil da kuɗi a aljihu ina tausaya masa.

Ƙoƙi fa? Ita kam ban ga madadinta a katun ba, kuma ita ce ta fi damuna yanzu da na yi aure. Da muna yara dariya muke mata. Ita ke cewa Gizo kada ka je, ya je. Ita ke dafa abin da ya sato, ita ke ɓoye shi in masu kaya sun biyo sawu, ya ci rabonsa ya ci nata ya ce ɓera ne. Sai yanzu na gane tsofaffin nan da ke ba mu labarin, kowacce ta san wani Gizo mai rawani ko mai hula da ba ta isa ta kama sunansa ba, sai ta sa shi a bakin ƙwaro ta faɗi son ranta a gaban kowa, har shi yana zaure yana jiyowa. Mu marubuta mata na Kano da aka yi ta zagi a shekarun 1990 kan an tona asirin gidan aure, ai ba mu muka fara ba. Na ce mu, alhali lokacin ina firamare, amma dai layin ɗaya ne.

Wadda aka zalunta a gida da waje ita ce kura. Mu mun ce matsoraciya ce mai cin mushe, gardawa su sa mata takunkumi suna yawo da ita kasuwa-kasuwa, Turawa su ma suka ba ta aikin 'yar koren mugu. Alhali wani masani, Hans Kruuk, da ya yi shekaru yana bin kuraye da dare a dazukan Tanzaniya, ya nuna a littafinsa na 1972 cewa kura mai dabbare-dabbare yawancin abincinta ita ke farautowa, sau da yawa ma zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Kuma mace ce ke shugabancin garkensu. Masu The Lion Guard sun ɗan gyara, sun sako wata kura mace mai kirki, Jasiri. Da na faɗa wa Iya ta ce ita dai ba ta ba kura ajiyar nama ko a waya.

'Yan Afirka ma sun taɓa. A Nairobi aka zana Tinga Tinga Tales da ya fito a 2010, kowane kashi dalilin abu ne, me ya sa giwa ke da hanci dogo, me ya sa bayan kunkuru ya tsattsage, irin ƙarshen tatsuniyoyinmu sak. Akwai Akili and Me na Tanzaniya da aka juya zuwa Hausa, yarinya da ɗan zaki da dorina suna koyar da ƙirga. Autana yana so. Zakin gaske kuwa sau ɗaya ya taɓa gani, a Gidan Zoo na Audu Bako ran sallah, yana kwance ƙuda na bin sa, yaron ya ce wannan ba shi ba ne.

A daren da za mu kwana na ƙarshe caji ya ƙare, yara suka dame ni, na ce ku zo in yi muku tatsuniya, ni marubuciya guda. Na ɗauko Gizo da gauraki. Suka ara masa gashi ɗai-ɗai ya tashi da su zuwa ɓauren tsakiyar gulbi, duk ɗan da suka nufa ya ce nasa ne shi ya fara gani, suka fusata suka zare gashinsu yana barci, ya faɗa ruwa ya tsinci kansa a gidan kada, ya fashe da kuka ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami, aka sauke shi a ɗakin ƙwai, ya bi dare yana gasawa. Daga nan sai na tsaya cak. Wallahi na nemi yadda ya fita daga gidan na rasa. Yara na cewa sai me, Umma, sai me? Kunya ta rufe ni.

Daga cikin ɗaki Iya ta ce, "Kurman kada ne ya fito da shi. Ana kira daga baya a dawo da ɓarawo, Gizo na ce masa wai cewa suke ka yi sauri." Muka kwashe da dariya. Na ce Iya akwai waƙa a wurin nan ko? Ta yi shiru, ta motsa baki, ta sake yin shiru. Ta ce, "Akwai. Ta tafi."

Da safe na aika aka yi cajin wayar a shagon mai sola, na fasa tafiyar sai la'asar. Na zo ɗaukar muryarta wayar ta ce ba wuri, sai da na goge kashi shida na Kion, auta na birgima a ƙasa yana kuka. Iya ta ce a miƙo mata tsinken tsintsiya, ta ƙulla shi da hannunta mai rawa ta tura ƙarƙashin tabarma, sannan ta gyara zama. Ta ce ga ta nan ga ta nanku. 'Ya'yan maƙwabta suka amsa, nawa suka dube ni, sai da na raɗa musu abin da ake cewa. Ba ta yi nisa ba auta ya share hawaye ya matso jikinta ya ce, "Iya, shi Gizon wace kala ne?"