Ayabar Daji da Tarihin Nomanta a Ƙasar Habasha

Ayabar daji tsiro ne mai kama da ayabar da muka sani a ganye da tsayi, sai dai 'ya'yanta ba su ciwuwa, domin cike suke da baƙaƙen ƙwallaye masu tauri kamar tsakuwa. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya zamanin Turawa, ya kawo sunanta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916, ya ce ana samunta da yawa a ƙasar Adamawa. A nan wajenmu ba a taɓa mayar da ita abin nomawa ba. Amma tana da 'yar'uwa wadda ake kira inset, mai fitowa a dazuzzuka tun daga Habasha har Afirka ta Kudu, kuma a duk faɗin nan mutanen Habasha kaɗai ne suka ɗauko ta daga daji suka kawo ta bayan gida. A yau kimanin mutum miliyan 20 ne suka dogara da ita, galibi ƙabilun kudu da kudu maso yamma, irin su Gurage, Sidama, Walaita, Hadiya, Kambata da Gedeo.

Wani limamin Kirista ɗan ƙasar Fotugal, Jeronimo Lobo, wanda ya zauna a Habasha cikin ƙarni na 17, ya ba da labarinta. Haka shi ma James Bruce, wanda ya je neman mafarin Kogin Nilu, ya kawo bayaninta a littafin tafiyarsa na 1790. Sai dai sarakunan arewa masu mulkin ƙasar hatsi suka fi ɗaukaka, musamman tef, wanda ake yin gurasarsu ta injera da shi. Ko bayan da Sarki Menelik na Biyu ya ci ƙasashen kudu da yaƙi, har ya karya Walaita a 1894, an ci gaba da kallon inset a matsayin abincin talakawan ƙauye. A ganina wannan raini ne ya sa masu binciken noma suka daɗe ba su waiwaye ta ba.

Tunda ba 'ya'yan ake ci ba, mai karatu zai tambaya, to me ake ci? Gindin da ke cikin ƙasa da kuma jikin tsiron. Manomi ba ya shuka ƙwallo. Yakan tono gindi, ya ƙwaƙule idon tsakiya, ya binne shi da taki, sai 'ya'ya masu yawa su tsiro, ya yi ta dasa su. Bayan shekara 4 zuwa 7, kafin ta yi fure, sai a sare ta. Daga nan aikin na mata ne. Su kankare ɓawon jikin a kan katako, su farfasa gindin, su zuba duka cikin rami da aka shimfiɗe da ganyenta, su rufe su danne da duwatsu. Nan zai yi watanni yana tsami har ya zama abin da suke kira koco, wanda ake gasawa kamar gurasa. Ruwan da aka matse kuwa, idan ya kwanta, shi ne bulla, farin gari mai laushi na kunu. Gindin ƙaramar shuka, amico, dafa shi ake yi kamar doya. Zaren da ya rage a yi igiya da tabarma, ganye kuma a ba shanu lokacin rani.

Hikimar abin tana ga ajiya. Bahaushe yana girbi sau ɗaya ya zuba a rumbu, in damina ta ƙi, rumbu ya ƙi. Inset kuwa ba ta da lokacin girbi. Ta kowace shekara tana tsaye a gona, ana sare wadda ta isa duk sa'ad da buƙata ta taso, koco kuma yana iya shekara ko fiye a rami bai lalace ba. Tana kuma jure yankewar ruwa na ɗan lokaci. Yunwar 1984 zuwa 1985 ta fi tsanani ne a Wollo da Tigrai masu noman hatsi, kuma bayanta ne sunan "itaciyar maganin yunwa" ya bazu a bakin masana.

Ta fuskar magani, ba kowace iri ake amfani da ita ba. Mutanen Gurage suna keɓe wasu ire-ire a kusa da ɗaki, suna dafa gindinsu su ba mai karaya ya ci da madara. Wani irin, musamman mai jan jiki, ana ba mace ko saniya idan mabiyiya ta ƙi fita. Kunun bulla da man shanu kuwa abincin mai jego ne, kamar kunun kanwa a wurinmu. Wannan sani ne na gado, bai hana a kai mai karaya ko mai naƙuda asibiti ba.

Babbar abokiyar gabarta wata cuta ce mai sa ganye ya yi rawaya ya yanƙwane, wadda aka fara bayyana ta a Habasha a 1968, kuma wuƙar aiki tana ɗaukarta daga shuka zuwa shuka. A 2001 aka ga cutar a gonakin ayaba na Yuganda. A 2023 hukumar UNESCO ta sanya ƙasar noman Gedeo, inda ake shuka inset da kofi ƙarƙashin manyan itatuwa, cikin jerin wuraren tarihi na duniya.