ZAKUNAN GBOKO: TARIHIN ƘUNGIYAR BCC LIONS

Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta wani abu a fannin tarihin wasanni, sai na ga ya dace in ɗauko labarin wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa wadda da yawa daga cikinmu mun sha kasa kunne a rediyo muna jin bajintarta, amma yaranmu na yanzu ko sunanta ba su sani ba. Ƙungiyar kuwa ita ce BCC Lions ta garin Gboko a Jihar Binuwai.

Shi dai Gboko gari ne na ƙabilar Tibi, can ne ma fadar babban sarkinsu, Tor Tiv. Ba shi ne babban birnin jiha ba, domin Makurɗi ke riƙe da wannan matsayi. Abin da ya ƙara fito da garin shi ne Kamfanin Siminti na Binuwai, watau BCC, wanda ya kafa ƙungiyar a shekarar 1982, tana buga wasanninta na gida a filin wasa na J.S. Tarka.

Domin mai karatu ya gane girman abin da waɗannan samari suka yi, sai mun ɗan koma baya. Tun daga 1953 da Kano ta ɗauki Kofin Ƙalubale, babu wata ƙungiya daga tsohuwar Jihar Arewa da ta sake ɗaga shi. 'Yan wasan Jos, musamman Mighty Jets, sun yi ta kaiwa wasan ƙarshe suna komowa hannu rabbana, har wasu suka soma cewa baki aka yi mana. Shekara 36 ana cikin wannan hali, sai a 1989 BCC Lions ta gamu da Iwuanyanwu Nationale ta Owerri a Bauchi, wadda ita ke riƙe da kofin a lokacin, ta doke ta da ci ɗaya da nema. Da ƙofa ta buɗe kuwa, sai El-Kanemi ta Maiduguri ta biyo baya, ta ɗauki kofin a 1991 da 1992.

Wannan nasara ita ta ba BCC Lions damar wakiltar Nijeriya a gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙasashensu, wadda aka fi sani da Kofin Mandela. Kafin nan ƙungiyoyinmu biyu kacal suka taɓa cin sa, watau IICC Shooting Stars ta Ibadan a 1976 da Rangers ta Inugu a 1977. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe a 1988, Bendel United ta kai a 1989, duk ba su dace ba. A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, BCC Lions ta shiga fagen Afirka karo na farko, ta ratsa har wasan ƙarshe inda ta haɗu da Club Africain ta Tunisiya. A gida ta lallasa ta da ci uku ba ko ɗaya, a Tunis kuma aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. A 1991 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, ta ci Power Dynamos uku da biyu a gida, amma a Zambiya aka rama mata da ci uku da ɗaya, kofi ya suɓuce.

Shekarar 1994 ita ce ƙololuwa, domin ƙungiyar ta haɗa kofin gasar ƙwararru da Kofin Ƙalubale a kaka ɗaya. Jimilla sau huɗu ta ɗauki Kofin Ƙalubale: 1989, 1993, 1994 da 1997. Na san 'yan ajinmu Katsinawa ba su manta da na ƙarshen ba, tun da Katsina United aka doke, karo na uku ke nan a jere tana faɗuwa a wasan ƙarshe.

Ba za a ba da wannan labari ba tare da ambaton mai horar da su, Shaibu Amodu ba. Aikin da ya yi a Gboko ne ya kai shi ga riƙe Super Eagles, wadda ya samar wa gurbin Kofin Duniya na 2002 da na 2010, ko da yake duka biyun ba shi ya kai ta ba. Ya rasu a 2016, Allah Ya jiƙansa. Cikin 'yan wasa akwai Moses Kpakor, wanda ya buga wa Nijeriya a gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya, da Amir Angwe, wanda ya yanke jiki ya faɗi a fili a Legas a 1995 yana buga wa Julius Berger, rai ya yi halinsa.

To, me ya faru da zakunan? A 1998, shekara ɗaya tak bayan kofinsu na ƙarshe, suka faɗo daga rukunin farko, ba su kuma sake komawa matsayinsu na da ba. Ƙungiyar da aljihun kamfani take numfashi, da kamfanin ya shiga matsi sai ita ma ta jigata. Daga baya gwamnati ta sayar da hannun jarinta, a 2010 kuma aka haɗe kamfanin cikin Dangote Cement.

A ganina, darasin a fili yake. Leventis United da Abiola Babes su ma sun yi tashe, amma da masu su suka janye hannu sai suka watse. Gboko ta nuna mana cewa ƙaramin gari yana iya mamaye Afirka in an samu tsari da horo, ta kuma nuna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da mutanen gari suna da hannun jari a ƙungiyarsu, da wataƙila ba ta durƙushe haka ba. Waɗanda Allah Ya hore wa a cikinmu, masu riƙe da ƙungiyoyin garuruwansu, sai su yi nazari. Allah Ya sa mu dace, amin.